Tsagi Huɗu a Kan Ƙashi

Tsamiyar Maharba, Makoda.
Laraba, 13 ga Agusta.

Zuwa ga ɗana, yayan Aina'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka koma Bacirawa, can Kano, lafiya, ruwan ranar Lahadi bai yi maka duka a hanya ba. Yaya aiki, yaya mutanen gidan da kake zaune? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙanwarka Aina'u da jaririyarta suna samun ƙarfi. Gero ya fara fitar da kai, gyaɗar bayan gida kuwa ciyawa na neman cinye ta, gwiwata ta hana ni yi mata maimai a kan lokaci.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya a aljihu. Ka san dalili. Kai ne ɗan farina. Shekara ashirin da tara ke nan ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da kai muna hira ba. Haka ubana ya yi mini, haka na tarar ana yi a gidan nan. To abin da bakina ke jin nauyinsa na ga gara hannu ya faɗa, tunda ajin yaƙi da jahilcin da na zauna bai tafi a banza ba.

Na ji daɗin zuwanka sunan 'yar Aina'u. Shekara bakwai rabonka da zauren nan. Da ka durƙusa ka gaishe ni na ce lafiya na kawar da kai, na san mutane sun ɗauka har yanzu fushi nake. Wallahi ba fushi ba ne. Ban san inda zan sa idona ba ne kawai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Saboda ruwa ka bar babbar jitarka, wadda kuke kira bes, a ɗakina, ka ce Inuwa direba ya kai maka ita Ɗambatta ranar Asabar, inda za ku yi wasan biki da mawaƙin nan Muhammadu Sani. Na ji an ce ranar ce farkon hawanka dandamali tare da shi, kuma ka daɗe kana neman wannan gurbi. Ina daga zaure na ji kana gaya wa mijin Aina'u cewa tsirkiyoyinta sun yi tsayi daga can saman wuya, suna tsattsaga maka yatsu, in an gama bikin za ka kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Sabon Gari! Ubanka yana raye, shekara arba'in yana sassaƙa garaya, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba, kai kuma za ka ɗauki kayan kiɗa ka kai wa baƙo. Na ga yatsun naka lokacin da kake cin tuwo. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Litinin da hantsi na buɗe jakar. Kai, wannan aba da nauyi take! Tsirkiya huɗu duk na ƙarfe, ta sama kaurinta ya kusa na biron nan. Na danna ta kusa da kai sai da yatsana ya yi zafi, ni da nake da hannun fartanya. Na kwantar da ido daidai da wuyan, nan take na ga laifin. Akwai wani ɗan farin abu kamar ƙashi a saman wuyan, da tsagi huɗu a jikinsa, kowace tsirkiya ta kwanta a nata. Wanda ya yi tsagin nan malalaci ne, bai zurfafa ba. Mu a garaya ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiya jaki muke ce masa, in ya yi tsayi sai a rage shi. Na ce ashe ku jaki biyu ne da ku, ɗaya a ciki ɗaya a wuya, aikin dai ɗaya ne.

Na ɗauko magagarin kakanka daga cikin gwangwani, wanda ka sani ban taɓa yarda kowa ya taɓa ba. Na sassauta tsirkiyoyin, na ɗage su gefe, na bi tsagin ɗaya bayan ɗaya, farin gari yana zuba a cinyata. Ban tsaya ba sai da na ga kowace ta kwanta luf, ta kusa taɓa ƙarafan nan da aka gicciya a wuyan. Yanzu ko jaririyar Aina'u ta danna sai ta sauka.

Ga kuma abin da ban zata ba. Da farko jitar nan ba ta da murya, sai wani gum-gum kamar daga cikin rijiya. Da na gama na ɗaure na kaɗa, sai na ji ta biyo da zirrr, sak ƙarar ceba, ƙarfen nan mai zobba da muke sokawa a wuyan garaya don kiɗa ya yi armashi. Na ce ashe muryar tana nan, rufe mata baki aka yi. Na kira mahaifiyarka ta ji. Ita cewa ta yi da na bari an tambaye ka tukuna. Na ce wa zai tambaye ka, ni? Ta san ba zan iya ba.

Zan sa takardar nan a aljihun jakar. In ka ji yatsunka sun huta, ka san hannun wa ne. Ba sai ka ce komai ba.

Allah Ya ba da sa'a, Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Mati mai garaya.

Tsamiyar Maharba.
Litinin, 18 ga Agusta.

Zuwa ga yayan Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu nan jiki lafiya. Mahaifiyarka ta kira ka sau shida tun jiya ba ka ɗauka ba, ita dai ba ta yi maka komai ba.

Kwana biyu ina juya maganar nan, in ban fitar da ita ba za ta kashe ni. Ranar Asabar bayan Inuwa ya tafi da jakar, na sa babbar rigata ta Sallah, na hau acaɓa zuwa Ɗambatta ban gaya wa kowa ba. Ban taɓa ganin ka kana aikinka ba. Na ce yau zan gani, in kuma ji aikin hannuna a lasifika. Na isa bayan la'asar, na tsaya gindin darbejiya bayan kujeru, kusa da masu sayar da rake. Na ga ka iso a gurguje, ka zuge jakar, ka rataya jitar, ka soka mata igiyar wuta. Ina tsaye ina murmushi ni kaɗai, Allah Ya sani.

Sai ka kaɗa. Abin da ya fito daga lasifikar nan ba ceba ba ce, kamar ana yaga kwanon rufi ne. Mata suka toshe kunne, wasu suka tuntsire da dariya. Ka sake kaɗa ta biyu, ta uku, duk haka. Na ga ka juya wuyan kana dubawa, ka laluba aljihun jakar kana neman abin da za ka cusa, ka ciro ambulan ɗina ka yage gefensa. Sai ka ga rubutu, ka tsaya ka karanta a tsaye a gaban taro. Na ga fuskarka lokacin. Ka ninke guntayen takardar ka tura ƙarƙashin tsirkiyoyin, aka yi waƙa ɗaya lafiya. A tsakiyar waƙar amarya sai guntun takarda ɗaya ya zame, ƙarar ta dawo. Muhammadu Sani ya ɗaga hannu, ya nuna wa mai fiyano ya riƙe kiɗan, kai kuma ya nuna maka kujera.

Duk wannan na gani, kuma na ɗauka. Laifina ne, ban musa ba.

Amma abin da ya biyo baya fa? Ka ɗaga ido ka hango hulata, ka ratso kujeru ka zo har gindin bishiyar. Ba ka durƙusa ba, ban damu ba. Ka buɗe baki ka kira ni Malam Mati. Ni! A gaban 'yan acaɓa da masu rake, ka kira ni da sunana kamar wani abokin cinikinka. Ka ce shekara bakwai da suka wuce na fasa maka ta farko da fushi, yau na kashe maka ta biyu da sunan taimako, ba ka san wanne ya fi ciwo ba. Ka ce hannuna na ƙwarya da kara ne, in tsaya a kansu, kada in ƙara taɓa wani abu naka har abada. Wani tsoho da ke gefe ya tambaye ni ko ɗan wa ne wannan mara kunya. Na ce masa ban san shi ba.

Haba! Shekara ashirin da tara ina haɗiye sunanka don girmama ka, ko a bayan idonka ban faɗa ba, kai kuma rana ɗaya ka tofar da nawa a kan titi. Wannan ne ladabin da Kano ta koya maka? Ina zan san zirrr ɗin nan aibi ne a wurinku? Mu nema muke yi, har maƙeri muke zuwa ya ƙera mana ita. Ina zan san wannan ɗan ƙashin in an rage shi ba ya komawa? Jakin garaya in na zarce sai in jefar, in fere wani kafin shayi ya huce. Ka taɓa zama ka nuna mini ga yadda abinku yake?

Na san amsar da za ka ba ni, ba sai ka faɗa ba. E, ni na buga jitarka ta farko da turmi, ni na ce ba za ta kwana a gidana ba. Amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa? Dajin da kakanka yake yi wa maharba kiɗa yau duk gona ne, daga nan har Makoda ba inda zomo zai ɓuya. Maharban sun mutu, 'ya'yansu suna tuƙa babur. Ni kaɗai na rage, ina jiran wani ya tuna da ni ranar gayya. Kana ɗan shekara goma hannunka ya fi nawa a kan garaya, ina daga bayan danga ina jin ka ina hawaye, ban iya fitowa na ce ka iya ba. Sai na wayi gari na gan ka da kayan wasu. Na yi abin da na yi.

Na dawo gida da ƙafa har rabin hanya kafin na yarda na hau mota. Rigar tana nan a rataye, ban iya ninke ta ba.

Ka ɗauki wayar mahaifiyarka.

Mahaifinka, ko ka so ko ka ƙi,
Mati.

Tsamiyar Maharba.
Juma'a, 5 ga Satumba.

Zuwa ga ɗana, yayan Aina'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi yawa, katangar bayan gida ta zube, na tokare da kara. Mahaifiyarka ta ce ka kira ta ranar Talata, na gode da wannan. Ta ce ba ka tambaye ni ba. Ban ce sai ka tambaya ba.

Aina'u ta gaya mini Muhammadu Sani ya ɗauki wani a gurbinka. Tun da na ji, tuwo ba ya wuce mini. Takardar da na aiko maka ta baya da zafi na rubuta ta, ban janye maganar suna ba, amma ban san abin ya kai ga abincinka ba.

Na sa mijin Aina'u ya nemo mini a wayarsa yadda ake aikin nan. Ya nuna mini wani mutum fari fat da tabarau yana yi, shi yana fassara mini. Ashe goga ɗaya ko biyu ake yi, a mayar da tsirkiya, a danna, a duba, a saurara, sannan a sake. Ashe tsakanin tsirkiya da ƙarfen farko dole a bar 'yar tazara, kamar kaurin takarda. Ashe kowane tsagi da nasa magagarin daidai kaurin tsirkiyarsa. Mutumin ya fi rabin sa'a a kan tsagi ɗaya. Ni kuwa na cinye huɗun tun rana ba ta take tsaka ba, har ina kiran matata ta zo ta ga gwaninta. Mijin Aina'u yana ta kallon ƙasa don kada mu haɗa ido. Tsohon banza, na ce da kaina, shekara arba'in ɗin taka ke nan.

Ranar kasuwar Makoda na je wurin mahauta na zaɓi ƙashin ƙwaurin sa, mai tauri, wanda ba shi da tsaga. Na dafa shi da kanwa har maiƙon ya fita, na shanya kwana tara, in hadari ya taso in ruga in ɗauke kamar mai shanyar gero. Na yanka, na goge, na lalata biyar, na shida ya fito. Girman naka yana idona, ban manta ba. Na yi tsagin huɗu sama-sama, wannan karon ban zurfafa ba, kuma na sa maƙeri ya fere mini ƙarafa huɗu masu kauri daban-daban don aikin. Ga shi nan na naɗe a ƙyalle cikin ambulan, Inuwa zai kawo maka har Bacirawa. Ƙashi ya fi roba, ko mutumin wayar haka ya ce.

Abu na biyu. Ka gaya mini inda gidan Muhammadu Sani yake. Zan zo Kano in durƙusa masa, in ce masa ba kai ba ne, wani tsoho ne mai karambani. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma zan yi. Gwiwar ma ai ba ta da sauran wani amfani.

Ina jiran amsa ta hannun Inuwa, ko layi ɗaya ne.

Ni ne mahaifinka,
Mati mai garaya.

Tsamiyar Maharba.
Alhamis, 16 ga Oktoba.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mun gama girbin gero, dami sha tara, an ɗaure an kai rumbu. Gyaɗa ba ta yi ba. Jaririyar Aina'u ta fara dariya.

Inuwa ya dawo mini da ambulan ɗina tun makon da na aika, a liƙe yadda na ba shi. Ya ce ka juya shi, ka ji abu mai tauri a ciki, ka miƙa masa ka ce ya mayar wa mai shi. Bawan Allah sai da ya yi kwana uku yana yawo da shi a mota kafin ya iya zuwa zaure. Aina'u kuma ta ce ka sayi na roba a Sabon Gari, an sa maka kafin ka gama shan ruwan leda, jitar ta koma daidai. To madalla. Abin da ya ci mini kwana goma sha takwas ashe a cikin kwali ake zuba shi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki ƙashin zan wurga a rijiya, mahaifiyarka ta riƙe mini hannu. Sati biyu ba na yi wa kowa magana a gidan nan, har awaki sun sha duka ba laifinsu.

Ranar da muka gama ɗaurin gero na zauna a inuwar rumbu na buɗe ƙyallen, na dubi tsagin nan huɗu. Sai na ga abin da ban gani ba. Jitar tana Kano, ni ina nan. Ban auna ba, ban danna ba, ban saurara ba, ban tambaye ka ba. Na zauna ni kaɗai na yanke yadda tsirkiyarka za ta kwanta, na aika maka. Abin da na yi ranar Litinin ɗin da na buɗe jakarka shi na sake yi, shi kuma na yi da turmi. Sau uku ke nan. Da ka buɗe ambulan ɗin ma da ka yi daidai in ka dawo da shi.

Na koma wurin mahauta. Na dafa wani, na shanya, na yanka, na goge shi har yana ɗaukar ido. Ban yi masa tsagi ko ɗaya ba. Na sa shi a gwangwani tare da magagarin kakanka, wanda na rantse a gaban mahaifiyarka cewa gara a binne ni da shi da in ba mai jita. Na yi kaffarar rantsuwar, azumi uku. Garayata kuma na cire mata ceba na rataye ta, bana ko gayya ɗaya ba a kira ni ba.

Wannan takardar ba zan ba Inuwa ba, na gaji da ba shi kunya. A cikin gwangwanin za ta zauna. Na gaya wa mahaifiyarka ta miƙa maka ranar da ka zo gidan nan. In ka zo ina raye, to. In kuma sai ranar da za ka zauna a zaure kana karɓar gaisuwar mutuwata, shi ke nan, ka buɗe bayan mutane sun watse. Na san halinka, irin nawa ne, shi ya sa ban sa rai da na farkon ba.

Saura abu ɗaya. Ka kira sunana a gaban mutane, na ce ba zan yafe ba. Na zauna na lissafa, kai ko ba komai ka taɓa kiran nawa. Ni ban taɓa kiran naka ba, ko ranar da aka raɗa maka shi, liman na bari ya faɗa. Na ce girmamawa ce. Yau ban san ko mece ce ba. Na gwada faɗa a gona, ba kowa sai ni da kara, bakina ya ƙi. To ga hannu.

Sabiru. Sabiru, ɗana. Ka iya kiɗa, tun kana ɗan shekara goma ka iya.

Ƙashin yana nan, ka tsaga da kanka.

Ni ne babanka,
Mati.